Hannun Kuku

Ubana, Rodelio Magbanua,
kuku ne a jirgin dakon siminti.
Shekara goma sha tara yana yanka albasa
a kan ruwan da bai iya zama wuri ɗaya ba.

Daren da guguwa ta kife jirgin masunta
can gabas da Palawan,
shi ya sauka tsanin igiya,
ƙyallen girki na ɗaure a ƙugunsa,
ya yi ta laluben duhu.
Shida ya tsamo.
Na bakwai yaro ne mai jar riga,
rigar kawai ya bar masa.

Bayan wata takwas aka kira shi Manila.
Ya ari kwat ɗin ƙanin mama, hannun bai kai ba.
Wani mai taurari a kafaɗa
ya maƙala masa tagulla a ƙirji,
aka tafa,
aka ci shinkafar da ya ce ta caɓe.

A Iloilo mama ta so a rataye lambar
kusa da hoton aurensu.
Yanzu tana gwangwanin biskit
da maɓallai da rasit ɗin wuta.
Rigar ce ya wanke, ya goge,
ya ba ta aljihun tebur ita kaɗai.

Na ce, Baba, ba ka ji tsoro ba?
Ya daɗe yana kallon famfo.
"Kifi nake soyawa, Nenita,
aka buga ƙararrawa.
Akwai mai a hannuna.
Ban tsaya na wanke ba."

Sabulu ba ya kwana uku a gidanmu.