Ɗigo Ɗaya

Iri nake sayarwa, kasuwar Daura ta sani,
gero a dama, wake a hagu,
da kwanon awon da ya lotse tun a hannun babana.
Shekara talatin da huɗu ina duban ƙwaya a tafin hannu,
shi ya sa da rediyon Ilu mai shayi ya ce
wai korona ta fito da sabon iri,
ban yi dariya tare da su ba.
Na san abin da iska ke yi da bununi.
Ka shuka fari, maƙwabci ya shuka ja,
kaka ta zo, zangarniya ta fito da fuskar da ba ka sani ba.

Barira ce ta ƙara mini haske,
'yata ta uku, mai aikin gwaji a Katsina,
wadda ke yini tana tura tsinken auduga
a hancin mutane, suna hawaye, suna harararta.
Ta kira bayan isha'i, murya a dushe.
Ta ce, Baba, ka tuna Malam Tukur
da ke kwafar littafi a zauren gidanmu?
Ƙwayar nan ma kwafar kanta take, dare da rana,
a ƙirjin wanda bai san ya zama zaure ba.
Wata rana hannu ya goce,
ɗigo ya tashi daga ƙasa ya hau sama,
ba ta koma nun,
kalma ta sauya, jiki ya kasa karantawa.

Ɗigo ɗaya.

Ba wanda ya ji guɗa ranar da aka haife shi.
Ba rago, ba goro, ba wanzami.
Can wata ƙasa aka raɗa masa suna
da harafin mutanen da ban taɓa auna wa wake ba.
Kafin sunan ya iso, mai sunan ya riga shi:
ya hau jirgi babu fasfo,
ya samu kujerar taga a cikin numfashin wani,
ya sauka, aka rungume shi, aka ce sannu da hanya.

Sai manyan ƙasashe suka ja ƙyaure,
ihu bayan hari.
Waɗanda suka fara gani suka faɗa,
su aka fara tare wa hanya,
kamar a ci tarar wanda ya yi kururuwar gobara.

Cikin waɗanda aka tare har da Nafi'u, autana,
takardar karatu a hannu, jaka a ɗaure.
Uwarsa ta daka yaji, ta ƙulla dambun nama leda uku.
Ya kai Kano, ya dawo.
Jakar na nan bayan ƙofa, ya hana a kwance.
Dambun mu muka cinye, kaɗan-kaɗan,
ba wanda ya ce ya yi daɗi.

Jiya Ɗanjuma ya zo daga Matamaye,
ta burtali ya zago da jakinsa,
ya ce iyaka ta masu takarda ce.
Ina cikin auna masa tiya biyu ya yi tari,
sau ɗaya tak,
sai na ji ƙafata ta ja da baya ba da izinina ba.
Mutumin da muka sha fura a ludayi guda!
Ya gani. Bai ce komai ba.
Na ƙara masa gyara fiye da kullum,
shi ma ya san ta mece ce.

Yanzu la'asar ta yi sanyi, ina tsintar wake.
Takunkumin da Barira ta aiko na rataye a kunne ɗaya,
dantsen da aka soka wa allura yana ɗan tsami.
Ga wata ƙwaya a tafin hannuna,
ba fara ba, ba ja ba, mai ɗigo a gefe.
Da can baki nake jefa irinta, in wuce.
Yau na juya ta, na sake juyawa,
har Ilu ya kwashe kofunansa.