Sikelin Tabalak

Kawu Nomau bai yarda da sikelina ba.
Wai allurarsa na rawa kamar mai zazzaɓi,
wai a bakin teku ƙarfe ake kafawa,
ƙarti huɗu su ɗaga kifi guda suna nishi.
Na ce, Kawu, nan Tabalak ne,
je ka kamo, mu gani.

Yau gasa. Jirage goma sha ɗaya
sun tsaga tafki tun kafin a shafa fatiha.
Kyauta: taru sabo, buhun shinkafa,
da jikka ashirin da masunta suka tara
a gwangwanin tumatir.
Ni ce mai littafi da biro,
don ni ce na yi lakkwal a Tawa
kuma ba ni da jirgin da zan so wa nasara.

Labarinsa na haddace shi tun ina da wushirya.
Shekara tara a kurmi.
Wani tsibirin rairayi, siriri kamar ɗankwalin da aka shanya,
ruwa ta gabas, ruwa ta yamma.
Na ciki kwance, mai kunya, irin namu.
Na waje yana ruri dare da rana,
ba ya shayuwa, ba ya wanke sabulu,
ka yi alwala da shi ka yini kana lasar leɓe.

Can ma gasa suke yi, ta masu jiragen inji.
Shi yaron jirgi ne: yanka koto, kwashe ruwa.
Ran nan igiyar ruwa ta juya cikin maigida,
ya kwanta yana amai, hularsa a fuska.
Sai zare ya yi ƙara.
Babu kowa kusa sai ɗan Adar
wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi rijiya zurfi ba
sai da ya yi gemu.

Daga hantsi har azahar suna ja.
Zare ya ci tafin hannu, gishiri ya bi sawu.
Kifin ya yi tsalle sau bakwai,
baki kamar takobi, baya shuɗi kamar sabon rini.
(Bara sau biyar ne. Ban ce komai ba.)

A gaɓa aka rataye shi, aka kira mai hoto.
Maigida ya warke, ya gyara hula,
ya dafa kifin kamar ɗan da ya haifa.
A hoton, can gefe, akwai gwiwar hannu.
Kawu ya ce tasa ce.
Ya dawo gida da riga ɗaya, da ƙugiya mai tsatsa,
da layi biyu farare a kowane tafi.

La'asar ta yi. Jirage na dawowa,
mata sun hura wuta, mai na ƙauri,
shaho na lissafin kansa a sama.
Agali, yaron da ko gashin baki bai yi ba,
ya sauke giwan ruwa, kilo goma sha ɗaya.
Ɗan Tambari, tara da ɗoriya.
Kawu ya zo ƙarshe, wando jiƙe har ƙugu,
da tarwada baƙa, mai gashin baki ya fi nasa.

Shida da rabi.
Na uku. Na uku ba shi da ko gwangwanin.

Na rubuta a hankali, yadda malama ta koya mana:
Nomau ɗan Arzika, shi ya kama.
Ya ce, ina? Na nuna.
Bai san boko ba. Ya ɗora yatsa mai ƙarni a layin,
ya daɗe, har takarda ta jiƙe,
har na bayansa suka fara tsaki.

Sannan ya ɗauki tarwadarsa ta kunne, ya ce,
Tsahara, sikelin nan naki
ya cinye mini rabin kilo.