Kabad ɗin Kawu Otar

A Tbilisi, hawa na huɗu,
gidan da matattakalarsa ke kuka in an taka,
kawuna Otar ya tsare ni a bakin ƙofa,
ya dube ni daga gashi har ƙafa
kamar tikitin da bai yarda da shi ba.
Shekara talatin da ɗaya yana wannan kallo
a jirgin dare mai zuwa Batumi.

Na zo masa cikin riga mai zanen damisa,
wando ya shaƙe ni kamar bashi,
turare uku na kokawa a wuyana.
Litinin zan kama aiki a otal ɗin bakin kogi,
rabin albashin da ban karɓa ba
tuni na zubar a kasuwar Lilo.

Ya ce, "Revaz, kai kaɗai ne,
ko makaɗan suna tafe a baya?"

Ya buɗe kabad.
Ƙamshin katako da busasshen ɓawon lemo.
Sarari ya fi kaya yawa.
Fararen riguna uku, shuɗiya guda,
wando mai ruwan toka na fita,
baƙi na coci da makabarta,
kwat ɗin ulu da tela Guram ya yanka
shekarar da aka yi bikin uwata.
A ƙasa takalman fata,
sau huɗu ana sauya musu tafi,
samansu na sheƙi kamar kogin Mtkvari da hantsi.

"Kafaɗa ke sayen riga, ba ido ba.
In ɗinki ya tsaya inda ƙashi ya ƙare,
biya, kar ka tsaya ciniki.
In ya zarce, ko kyauta ce bar musu.
Wando ya gaida takalmi, kar ya share titi,
gwamnati na da masu shara.
Bel da takalmi uwa ɗaya ta haife su,
kar ka raba musu launi."

Sai ya ja ni gaban madubi mai tsatsa a gefe.
Kofin ƙarfe, guntun sabulu, buroshi, reza,
da ɗan dunƙulen alam da ya siɗe kamar tsakuwa.
"Ruwan zafi tukuna, gemu sai da lallashi.
Bi inda gashi ya kwanta, kar ka yi masa gardama.
Farce ran Asabar.
Wanzami bayan sati uku,
kafin ƙeya ta fara ba da labarinka.
Turare ɗigo biyu:
wanda ya rungume ka ya ji,
ban da wanda ke tsallaken titi."

Yana faɗa yana nunawa a fuskarsa,
sai na ga reza na rawa.
Ƙarƙashin kunne jini ya tsatso cikin kumfa.
Ya goga alam, ya ci gaba da zance.
Ni ma na kau da kai, na kalli tagar.

Yau shekara biyu.
Rigar damisa ta koma tsumman goge gilashi,
ta kuwa iya aikin.
Kabad ɗina ya sami iska,
ba na ɓata safiya wurin zaɓe.
Baƙi a otal na tambayata hanya
kamar ni na shata garin.

Duk Asabar ina hawa matattakalar nan,
in tarar da shi a kujera, ruwa na tafasa,
farar riga a ɗame har wuya
ko da yake ba inda za shi.
In kaɗa kumfa, in karkata masa haɓa,
in bi inda furfura ta kwanta.

In na gama, ba ya neman madubi.
Sai ya shafa muƙamuƙi da yatsun nan masu rawa,
ya ce, "Ka bar guda uku a nan."
In duƙa in duba.
Suna nan kuwa, su ukun.