Ɗan Haya a Ƙarƙashin Gado

A Naraguta, ɗaki na ashirin da bakwai,
mu shida ke kwana inda aka auna wa huɗu.
Ƙarƙashin gadona akwai buhun gari da bokiti,
da takalmin da ya wage baki yana jiran baduku,
can ƙurya kuma, cikin tsohuwar rigar ruwa,
gurmina ne kwance, ɗan hayar da ba shi da rasit.

Ranar da zan taho, a tashar Toro,
Baba ya riƙe hannun jakata bai saki ba.
Ya ce, "Haɗa magani na tura ka koyo,
ban jinginar da fadama don ka zama maroƙi ba."
Na ce to.
Ban ce masa wuyan gurmin Kawu Tanimu ne
ke zungurina ta cikin bargo ba.

Zangon farko ban taɓa shi ba.
Na haddace sunayen ƙwayoyi masu tsawon layin dogo,
na koyi sammakon kama kujera,
na gane sanyin Jos ba ya sallama kafin ya shigo.
Kantar yatsuna ta baje, suka yi laushi,
amma da dare sai in kama su
suna kiɗa a kan haƙarƙarina
ba da izinina ba.

Sai ranar da aka liƙa sakamako.
Darussa biyu suka biyo ni bashi.
Na dawo ban ci komai ba,
na durƙusa, na jawo shi.
Damina ta sha fatar, ta saki,
na taɓa, ya amsa kamar mai mura.
Ilu mai shayi ya matsa mini gefen murhu,
na gasa shi a hankali, ina juyawa kamar masara,
har fatar ta ɗaure, ta tuna muryarta.
Tsirkiya ɗaya ta tsinke a daren.
Washegari mai gyaran keke a Farin Gada
ya warware mini wayar birki, bai karɓi ko sisi ba.

Davou, mai gadon sama,
shi ke kaɗa wa 'yan cocinsu jita ran Lahadi.
Ya leƙo da kansa ƙasa kamar jemage,
ya ce, "Maimaita wurin nan."
Na maimaita.
Yanzu akwai wani dutse bayan ɗakunan kwana
da ya san nauyinmu mu biyu.
Shi da haruffansa a takarda, ni da abin da kunne ya ajiye,
mukan ɓace wa juna, mu haɗu a gaba.
In an kira magariba, shi ke riƙe mini gurmin
kamar an ba shi jinjiri.

Ban zama kowa ba.
Ba mai liƙa mini kuɗi, ba mai ɗaukar hotona.
Yini na ɗakin gwaje-gwaje ne, da farar riga mai warin sinadari,
gurmi kuwa minti ashirin ne bayan isha'i,
wani lokaci goma,
makon jarrabawa sai dai in shafa shi in wuce.
Na biya bashi ɗaya, ɗayan yana nan yana harara.

Jiya Baba ya kira.
Ina tsaye bakin taga muna zancen kuɗin makaranta,
Davou a bayana yana koyo, yana karce tsirkiya.
Baba ya yi shiru, har na duba ko katin ya ƙare.
Can ya ce,
"Wa ke azabtar da gurmin Tanimu haka?"
Bakina ya bushe.
Ya ce, "Ka ce masa ta ƙasan ce ta saki, ya ɗaure ta."
Ya yi gyaran murya.
"Yaushe ne jarrabawar?"