Kafin Sha Biyun Daren Juma'a

Sha biyun dare za a rufe ƙofa.
Wanda bai janye ba kafin nan
ya ɗauka ke nan, da daɗi ko ba daɗi.
Yanzu tara da kwata.
Ina ɗakin ma'aikata a gidan kula da tsofaffi, nan Duluth,
takalmina na ɗigar da ƙanƙarar da na kwaso a titi,
gahawata ta huce tun ban taɓa ta ba.

Kwas biyar na ɗora wa kaina a Janairu,
lokacin da nake ganin kamar darena ya fi na kowa tsawo.
Huɗu dole ne, su ne tsanin zama nas:
jikin ɗan Adam, sinadarai, ƙididdiga, rubuta rahoto.
Na biyar ba wanda ya aike ni.
Ilimin taurari.
Talata da Alhamis, takwas na safe,
ni kuwa sai bakwai nake cire rigar aiki.

Na buga lissafi a bayan takardar magunguna.
Aiki ya kwashi nasa, aji ya kwashi nasa,
barci ya tashi da awa huɗu, ran da ya taki sa'a.
Shekaranjiya na farka a bas
mun wuce makaranta da tasha uku,
direba na kallona ta madubi, bai ce uffan ba.
Jarrabawar sinadarai ta dawo da arba'in da ɗaya.

Misis Halvorsen, mai ba mu shawara,
ta juya alƙalami a yatsunta, ta ce,
"Marit, masu tallafin karatu maki suke dubawa,
ba sa ɗaga kai sama."
Da ƙarya ta yi, da ban ji zafi haka ba.
Taura biyu ma ba ta taunuwa,
ni na cusa biyar ina neman yawu.

Ƙararrawar ɗaki na sha huɗu.
Tsoho Reino ne.
Shekara talatin da takwas ya yi
a jiragen da ke jigilar tama bisa wannan tafki.
Sunan 'yarsa ya ɓace masa tun bara,
sama ce kawai ba ta ɓace ba.
"Ɗage labulen," in ji shi.
Na ɗage. Tafki ya daskare, ya yi fari fat,
can sama da gadar ƙarfe
ga Kaza da 'ya'yanta sun takure wuri guda kamar su ma sanyin suke ji.

"Me malaminku ya ce a kansu?"
Na ce hasken nan da muke gani
ya baro gida shekara ɗari huɗu da 'yan kai.
Ya yi dariya har ta zama tari,
na tallafo kansa, na ba shi ruwa.
"To," ya ce, "bai yi sauri ba.
Ya dai iso."

Na canja masa zanin gado.
Na shafa wa dugadugansa mai.
Na kai wa ta ɗaki na tara maganinta,
ta kira ni da sunan ƙanwarta, na amsa.

Sha biyu saura ashirin.
Waya a hannu, yatsa a kan kalmar, janye.
Ta tambaye ni ko na tabbata.
Ban tabbata ba.
Na danna.

Ba abin da ya fashe.
Firji na ta gurnaninsa a lungu,
wani na munshari a ƙarshen baranda.
Na yi kuka kaɗan, gwargwadon hutun minti biyar,
na wanke fuska a famfon wanke kofi.

Littafin dai ba zan sayar ba,
ko da dala casa'in ɗin za ta biya kuɗin wuta.
Ran Talata zan yi barci har rana ta take.
Da dare Reino zai danna ƙararrawa,
bai san na bar ajin ba,
zai ce in ɗage labule, zai yi tambaya,
kuma babi na bakwai muka tsaya.