Katanga Tsakanina da Ni

A Duluth, inda tafki kan daskare har gindin gada,
shekara tara ina zanen bango da sunana tsirara.
Ni ce mai zane, ni ce mai bin bashi,
ni ce mai ɗaure tsani a kan tsohuwar mota.

Ran da iska ta taso daga ruwa
ta hankaɗe bokitin shuɗin fenti daga hawa na biyu,
duk faɗin titi bai ga masauki ba
sai rufin motar wani likitan haƙori.
Wasiƙar lauyansa ta zo da sunana cikakke:
Linnea Saarinen.
Ba ta ambaci iska ba.

Daren nan na kwana ina ƙirga
abin da hannun shari'a zai iya kaiwa:
gidan da mahaifiyata ta bari, mai yoyo ta gefen murhu,
ɗan abin da na ɓoye don karatun Eino,
har kwalekwalen da ban taɓa gama gyarawa ba.
Inshora ta biya, bayan ta sha jinina da tambayoyi.
Amma wanda maciji ya sara,
ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Tsoho Bergquist, akanta mai tarin kalanda a bango,
ya ce, "Ki haifi wani mutum a takarda.
Shi zai ci bashi, shi zai sa hannu,
in an zo kamu, shi za a fara tararwa a ƙofa."
Na ce, "Shi ke nan na tsira?"
Ya cire tabarau ya hura.
"Katanga ce, ba laya ba.
Abin da hannunki ya ɓata da kansa, naki ne.
In kuma kika sayi madarar gida da kuɗinsa,
kin huda katangar da yatsarki."

Fom ɗin bai kai tsawon addu'ar cin abinci ba.
Suna ne ya cinye min kwana huɗu.
Duk wanda na so, wani ya riga ni,
har na tuna bokitin nan,
na rubuta: Shuɗin Sama Ya Faɗo.
Ba wanda ya riga ni wannan.

Na biya kuɗin rajista da katin da ya kusa numfashin ƙarshe.
Babu ungozoma, babu kuka,
sai saƙo ya shigo ina cikin wanke kofi:
an haifi kamfani mai iyakantaccen alhaki,
ba fuska, ba cibiya, sai lamba.

Taronmu na farko a teburin kicin aka yi.
Shugaba ta zo, ni.
Ma'aji ta makara, tana neman alƙalami, ni.
Na karanta wa kaina yarjejeniya,
na yi gardama kan albashi, na sha kaye.
Eino ya leƙo ya ce, "Da wa kike faɗa?"
Na ce, "Da uwar ɗakina."
Kyanwa ce kaɗai shaida, ita ma barci take.

Yanzu aljihuna biyu ne, ba sa gaisawa.
Buroshi na kamfani ne, burodi nawa.
Wani lokaci a kanti nakan tsaya riƙe da kati biyu
kamar mai raba gado tsakanin tagwaye.

Jiya na hau bangon gidan gasa burodi a titin gabas,
jiragen tama suna kuka can cikin hazo.
Na ɗaure bokiti da igiya biyu.
Da na gama fiffiken tsuntsun ƙarshe
na sauko ƙasan kusurwa, inda ake sa suna,
na daɗe tsaye, fenti yana bushewa a buroshi.
Kamfani ya karɓi cak, ya yi kyau, ya riƙe.
Amma shi bai san sanyin ƙarfen tsani a tafin hannu ba.
Na rubuta Linnea,
ƙanana,
yadda na saba.