Koren da Ke Faɗin Zafi

A Aveiro, inda gishiri ke bushewa a bakin tafki,
Ondina ta kashe fitilun ɗakin bincike.
Ga ɗan gari a kan gilashi, bai kai ƙwayar riɗi ba,
an barbaɗa masa erbiyum kaɗan, kamar gishirin miya.

Ta harba masa hasken da ido ba ya gani.
Garin ya amsa da kore.

Kore biyu ne, in ji na'ura,
wa da ƙani, da ƙyar ake rarrabewa.
In zafi ya hau, ƙanin ya ɗaga murya,
wan ya sassauta,
a tsakanin muryoyin nan lamba take kwance.
Ba sanda, ba waya, ba wanda ya taɓa kowa.

Ubanta Telmo, shekara talatin da ɗaya
yana gadin tanderun tangaran a Ílhavo.
Ta wata 'yar kafa yake leƙen wuta:
ja kamar hanta, da saura;
ruwan lemo, a ƙara mata;
in ta yi fari fat har ido ya kawo ruwa
sai ya ɗaga hannu.
Faranti dubu na jiran hannun nan.
Gashin girarsa tun yana saurayi ya ƙone,
bai sake fitowa ba.

Yanzu yana ta rufe masa ido,
wutar ta karɓi ladanta.
Ran Lahadi ta kawo shi, ta zaunar da shi kan kujerar ɗalibai,
hularsa a gwiwa.

Wane launi? ya ce.
Kore, Baba.
Ya yi dariya har da tari:
Wutar da ke kore ai ɗanya ce, ba ta nuna ba.

Ta ce wata rana ƙurar nan za ta shiga inda hannu ba ya kai,
cikin injin da ke juyawa,
cikin ƙwayar tsoka guda,
ta aiko da labari daga can.
Ya ce to. Ni ma daga nesa nake tambayarta,
ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Allo ya nuna talatin da bakwai da ɗigo biyu.
A waje ruwan teku na janyewa daga magudanai.
Ta gyara masa wuyan riga,
bayan hannunta ya gogi goshinsa,
ya ɗan jima a wurin.